Bugu Ɗaya a Mabugar Babanmu

Ban taɓa shiga silima ba. Yanzu da na tsufa, jikokina sukan kunna fim ɗin fatalwa a talabijin, su yi ta ihu suna dariya, ni kuwa in ɗauki tabarmata in ba su wuri. Sun ɗauka tsoron tsufa ne, kuma ban taɓa gyara musu zance ba. Ba su san akwai wani fim irin wannan da ya shiga gidanmu a Fagge tun Turawa ba su tafi ba, alhali babu ko mutum ɗaya a gidan da ya gan shi da idonsa. A bakin maƙwabciyarmu ya shigo.

Babanmu mai bugu ne. Kakansa ne ya taso daga Barno ya zauna a Fagge, har muka zama ba mu da abin da ya rage mana na Barebari sai zanen fuskar Baba da tsiyar da maƙwabta suke yi mana. Mabugarsa tana jikin zaurenmu, ɗan ɗaki ne mai ƙofa ɗaya, da wani dogon gungumen itace kwance a ƙasa wanda ya yi sumul saboda shan duka. Ana kawo masa manyan riguna da turame da aka rina, a yayyafa musu ruwa a ninke, shi da abokin aikinsa su zauna suna fuskantar juna, kowa da mabugi a hannu, wannan ya sauke wancan ya ɗaga, har tufa ta ɗauki ƙyalli. Bangon mabugar nan shi ne bangon ɗakin Inna, mahaifiyata. Shekara wajen talatin tana jin wannan bugu a bayan kanta. Daga sautinsa takan gane ko Baba ya ji yunwa, ko wani ya ɓata masa rai, ta aika da fura tun bai nema ba.

Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta faɗin sunana. Yarinyar nan take ce mini, ko ta ce ke. Ba ta yabona a gaban mutane, ba ta shiga faɗana, haka al'ada ta ce, kuma Inna ba ta wasa da kunya. A shekarar da nake ba da labari na dawo gida daga gidan miji da takardar sakina a hannu. Ba zan ɗora wa mutumin laifin da bai yi ba. Halinmu ne bai zo ɗaya ba, shi mai son a yi shiru ne, ni kuma bakina ba ya iya ajiye magana ta kwana. Na yi yaji sau biyu aka mayar da ni, a na uku na ce ko za a yanka ni ba zan koma ba. Abin ya yi wa Baba ciwo ƙwarai, don mijin ɗan amininsa ne. Bai zage ni ba, bai kore ni ba. Gaisuwata kawai ya daina amsawa. Kullum da safe in durƙusa in ce Baba ina kwana, shi kuwa ya ci gaba da jan carbinsa yana kallon bango. Mun fi wata a haka, kuma ni ma da taurin kaina ban taɓa buɗe baki na ce ya yi haƙuri ba.

Ranar da zai rasu, ina ɗaki na ji yana gaya wa Inna cewa ya yi magana da amininsa, idan na gama idda za a mayar da auren. Abin da ban taɓa ji ba sai ya faru, Inna ta tsaya mini. Ta ce yarinyar nan ba akuya ba ce da za a riƙa ja da igiya, ta ƙara da wasu maganganu masu zafi a kan yadda ya fi jin kunyar abokai a kan jininsa. Baba ya ɗauki ɗaurin rigunan da zai kai wa wani mai kanti a kasuwar Kwari, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ya fita. Kullum idan ya faɗi haka Inna takan ce a dawo lafiya. Ranar ta juya masa baya ta ci gaba da tankaɗe. Kafin azahar aka shigo da shi a kan amalanke. An ce yana cikin kwance ɗaurin a gaban kantin ya dafe ƙirji ya zauna, bai ƙara tashi ba.

Inna ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Ta cire 'yan kunne, ta bar kwalli da turare, aka ba ta wata 'yar wuƙa mai ƙotar itace ta riƙa riƙewa duk inda za ta, wai don kada kurwar mamaci ta kusance ta. Ba ta yi kukan da ake ji ba. Abinci kawai ta daina ci. In kai mata tuwo ta taɓa miya ta ture, in dama kunu ya huce a inda na ajiye. Wata gwaggon Baba da ta zo gaisuwa ta zauna tana ta tauna goro, ta ce ai babban arzikin mace ta rabu da mijinta yana mai yarda da ita, wadda ya tafi da fushinta kuwa sai dai addu'a. Wallahi da ba a riƙe ni ba da na fitar mata da takalmanta waje. Na ga yadda Inna ta damƙe wuƙar nan. Zuwa wata na biyu, da bazara ta kankama, zaninta ya fara zagaye ta har ya yi saura, kuma idan ta miƙe sai ta dafa bango. Na tabbata idan aka ci gaba a haka ba za ta fita takabar da ranta ba.

Maƙwabciyarmu Bayarabiya ce, Iya muke ce mata. Tun tana amarya suka zo Fagge, Hausa a bakinta kamar a Kano aka yanke mata cibiya, sai dai idan ta yi fushi. Tana suyar doya da ƙosai a ƙofar wani gidan silima a Sabon Gari. Gidan ba shi da rufi, doguwar katanga ce kawai da farin bango a gaba, kuma mai tsaron ƙofar ɗan garinsu ne, idan ciniki ya lafa yakan bar ta ta leƙa. Ba ta jin Turanci ko kaɗan, amma ba a taɓa yin fim ɗin da ya gagare ta bayani ba. Abin da ba ta gane ba ta cike da nata.

Wata rana da hantsi ta kawo wa Inna farfesu, Inna ta yi godiya ta ajiye. Sai muka zauna ni da Iya a inuwar katanga muna tsince wake, ta ce jiya ta ga abin da ya hana ta barci. Wata Baturiya ce mijinta ya mutu a ruwa, ba a ga gawarsa ba. Ta tara mutane a wani gida mai bene, suka zauna a kewaye da tebur suka riƙe hannuwan juna, aka kashe fitilu aka bar kyandir ɗaya. Wata tsohuwa ta rufe ido tana kiran mamacin. Shi ba ya magana, bugu yake yi a jikin katako, ɗaya idan i ne, biyu idan a'a ne. Matar ta yi ta tambayarsa ƙananan abubuwa yana amsawa, can ta tambaye shi ko ya tafi yana mai yarda da ita. Aka ji bugu ɗaya. Ta fashe da kukan murna, aka kunna fitilu, baƙi suka sa rigunansu suka watse.

Na ce to ai ta huta. Iya ta ajiye waken da ke hannunta ta rage murya.

"Ba ta huta ba, 'yata. Ta rufe ƙofa, ta ɗauki fitila tana hawa bene ita kaɗai. Ta kai tsakiya, sai ga bugu na biyun."

Ta ce gaba ɗaya silimar, har 'yan dakon da ba sa rufe baki, sai ta yi tsit. Ita kuwa a nan ta tuna ta bar mai a wuta ta fito da gudu, don haka ba ta san yadda aka ƙare ba. Na yi tsaki na ce Turawa dai ba su da aikin yi, wanda ya mutu ya mutu, sai a lahira. Iya ta ce haka ne a littafi, amma a garinsu an sha ganin wanda aka binne yana ciniki a wata kasuwa mai nisa. Na ce to Allah ya sa ya riƙa ba da canji daidai. Muna cikin dariya na ga asabarin ƙofar Inna ya motsa, alhali babu iska ko kaɗan.

Bayan kwana biyu abin ya fara. A bazarar Kano, tsakanin azahar da la'asar, unguwa takan mutu. Kaji su buɗe baki a ƙarƙashin rumbu, masu talla su ɓace, ba ka jin komai sai ƙarar kwanon rufi yana miƙewa da zafi. Ina kwance a rumfa sai na ji ƙwas, ƙwas, daga ɗakin Inna. Na lallaɓa na leƙa ta gefen asabari. Tana zaune a kan buzun salla ta juya wa ƙofa baya, fuskarta dab da bangon mabuga, tana ƙwanƙwasa shi da ƙotar wuƙar da aka ba ta don ta kore shi. Ta kara kunne. Sai na ji ta ce, a hankali, da irin muryar da ake tashin mai barci:

"Malam, kana ji na?"

Inna mace ce mai tsoron Allah, ba ta taɓa zuwa wurin boka ba, ko bori ake yi a unguwa takan rufe ƙofa. Na koma na kwanta zuciyata tana bugawa. Washegari ta sake, jibi ma haka. Takan kira sau uku ta jira, idan ba ta ji komai ba ta jingina goshi da bango ta daɗe a haka. A kwana na huɗu ko ruwan kunu ba ta sha ba.

Ban yi shawara da kowa ba. Tun rasuwar Baba abokin aikinsa ya koma wata mabuga, tamu tana kulle, mabuɗin yana rataye a ƙusa a zaure. Da azahar ta wuce na ɗauka na buɗe na shiga na turo ƙofar. Ɗakin duhu, sai wani siririn haske ta saman ƙofa, ga warin shuni da na gumin Baba kamar jiya ya tashi. Mabuginsa yana jingine a gefen gungumen, wurin riƙonsa ya lotsa daidai yatsunsa. Na zauna a kan 'yar tabarmarsa, don babu wani wurin zama. Ta cikin bango na ji ƙwas, ƙwas, na ji tambayar. Na ɗaga mabugin da hannu biyu, nauyinsa ya ba ni mamaki, na sauke shi sau ɗaya.

Shiru ya biyo baya, har na fara tsoron ko ta suma. Sai na ji kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka shigo da amalanke. Da magariba ta ce in ɗumama mata sauran tuwo, ta cinye tas ta sha ruwa.

Na san abin da na yi ba daidai ba ne. Ƙarya ce, kuma ƙarya a bakin mamaci, wanda ba shi da ikon ya tashi ya ƙaryata. Kowace salla sai na yi istigfari, kowace azahar kuma sai na ɗauki mabuɗi. Inna ba ta je ga babbar tambayar kai tsaye ba, kewaye ta riƙa yi. Ko sadakar wainar da aka yi ranar Juma'a ta isa gare shi. Ko makwancin da sauƙi. Ko ya ga mahaifiyarsa. Duk na ce i. Ranar da ta tambaya ko a ba ƙanensa babbar rigarsa ta salla, na tuna yadda mutumin ya zo yana lissafin kayan ɗaki tun ba a yi sadakar uku ba, na buga biyu masu kyau. Wannan kam ban yi istigfari a kanta ba. Wasu ranakun ba ta tambayar komai, hira kawai take yi masa, tana tuna masa da abubuwan da bai kamata 'ya ta ji ba, yadda ya taɓa sayo mata awarwaro ya ɓoye a cikin ninkin riga, da sunan da yake kiranta da shi idan babu kowa. Ban taɓa sanin iyayena suna son juna haka ba. Ina zaune a duhu ina jin kunya kamar na leƙa su.

Sai da aka yi kusan sati uku ta tambaya ko ya yafe mata abin da ta faɗa da safen nan, da kuma a dawo lafiyar da ta hana shi. Ban yi jinkiri ba. Na san Baba, bai taɓa kwana da fushin Inna ba, da ya dawo daga Kwari da tsire zai shigo mata. Na buga ɗaya da dukkan ƙarfina. Daga ranar ta fara cikowa, har ta koma yi mini faɗa a kan gishirin miya, abin da na yi murna da shi kamar an ba ni kyauta.

Na so in daina a nan, amma ba ta daina ƙwanƙwasawa ba. Ranar da na ƙi zuwa don in gwada, ta mayar da tuwon dare. Sai na koma.

A wannan lokacin ne ɗakin ya fara damuna. Ni bahaguwa ce, idan na gama nakan jingine mabugin a hagu. Sau biyu ina dawowa in same shi a dama, inda Baba yake ajiyewa. Na ce wa kaina mantuwa ce. Tabarmar kuma kullum da ɗumi nake samunta, irin ɗumin wurin da wani ya tashi yanzu, na ce ai bazara ce, komai da ɗumi. Amma gungumen da ke gefenta sanyi ƙalau. Na daina kallon ɗaya gefen, wurin da abokin bugu yake zama, don idan idona ya saba da duhun sai in ga kamar wurin ya fi sauran ɗakin duhu. Magana kuma ta fara yawo a layinmu cewa ana jin bugu a mabugar da ke kulle. Masu kai niƙa suka koma bi ta ɗaya layin.

Iya ce ta kama ni. Na je gidanta karɓar garwashi, ta riƙe hannuna ta juya tafin. Shunin da ya shekara yana shiga jikin mabugin ya rina mini shi, sabulu ya ƙi fitar da shi. Ta dube ni ta dubi hannun, ta ce da ta san inda labarinta zai sauka da ta haɗiye shi. Na ce mata Inna tana cin abinci, abin da na sani ke nan, wanda yake da wata dabara ya kawo.

"Ban ce ba ki kyauta ba," in ji ta. "Amma a wurinsa kike zama, da kayansa kike amsawa. Idan ana ta kiran mutum a ƙofarsa, wata rana shi zai amsa."

Na ce mata fim ne ya cika mata kai. Na fita da garwashina.

Haka muka kai ranar ƙarshe ta takaba. Washegari za a yi wanka, a yi sadaka, Inna ta ajiye wuƙa. Hadari ya yi kwana uku yana haɗuwa yana watsewa, zafin ranar har numfashi yake tsayarwa. Na shiga na zauna na ɗora mabugin a cinya. Ta ƙwanƙwasa, ta tambaya ko yana ji, na amsa. Ta ce masa yau ce rana ta ƙarshe, daga gobe ba za ta ƙara damunsa ba, ya kwanta ya huta. Ta ce saura abu ɗaya. Sai ta faɗi sunana.

Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Ta faɗe shi cikakke, a hankali, kamar tana taɓa wani abu mai zafi. Ta ce yarinyar tana da taurin kai, kuma ya san inda ta gado shi. Ta ce wata guda tana durƙusa masa yana kallon bango.

"Malam, ka yafe mata?"

Na ɗaga mabugin, hannuna ya tsaya a sama. Na Inna na buga ne don na san amsar. Wannan ban sani ba. Baba ya fita daga gidan nan da maganar mayar da ni a bakinsa, gaisuwata ta safiyar ranar ma bai amsa ba. Idan na buga, Inna za ta ji daɗi, ni kuwa zan san hannun wa ya yi. Na ji wani irin baƙin ciki ya taso mini tun daga ciki, na gane duk watannin nan da nake rabon yafiya a madadinsa, ni ce na fi kowa buƙatarta, kuma ni kaɗai ce ba zan iya ba wa kaina ba. Na sauke mabugin a hankali na mayar da shi cinyata, na ɗora hannuwana biyu a kai.

Inna ta sake tambaya. Ban buga ba, hawaye yana sauka a kan itacen. Ta tambaya na uku.

Gungumen ya yi ƙara. Bugu ɗaya, mai nauyi, daga can ɗaya ƙarshen. Na ji shi a gwiwoyina kafin in ji shi a kunne, ƙura ta tashi a cikin siririn hasken nan na saman ƙofa. Mabugin yana cinyata, hannuwana suna kansa. Ta cikin bango na ji Inna ta ce alhamdu lillahi, na ji ta miƙe ta fita tsakar gida tana jan ruwa.

Ni kuwa ban motsa ba. Abin da ya zo mini shi ne Baturiyar nan a tsakiyar bene da fitila a hannu. Na zauna ina kallon ƙarshen gungumen, ina jiran na biyun, ko haɗiyar yawu ba na son yi don kada ta rufe mini ji. Har aka kira la'asar ina nan. Sannan na fita na kulle, ban ƙara shiga ba.

Washegari mata suka cika gida, Inna ta yi wanka ta sa sabon zani. Da aka ragu ta zauna a gabana in yi mata kitso, karo na farko cikin wata huɗu. Gashin ya cukurkuɗe, ina tsefewa tana cije baki. Kanta yana sunkuye a tsakanin gwiwoyina ta yi magana, ba ta ɗago ba.

"Shekara talatin ina jin hannun mutumin nan. Kin ɗauka ba zan gane na bahaguwa ba?"

Matsefin ya faɗi daga hannuna. Ta ce tun bugun farko ta sani. Kukan da ta yi ranar, na ganin cewa akwai wanda ya damu ta rayu ne har ya ɗauki zunubi dominta, kuma ta ga idan tana faɗa wa bango abin da ke ranta ana amsawa, ko wa ke amsawar, tuwo yana wucewa. Na tambaye ta to don me ta yi tambayar jiya, tunda ta san ni ce a ciki. Ta ce don ni ta yi. Ta so in buga da hannuna in huta.

"Amma ba ki buga ba," ta ce. "Na jiya nasa ne."

Ta faɗe shi kamar mai cewa an yi ruwa a daren jiya, ta miƙo mini matsefin. Na gane ranar da Iya take ba da labari, Inna ta ji ƙa'idar ɗaya da biyu, amma ba ta ji abin da Iya ta faɗa da ta rage murya ba. Ban gaya mata ba, har ta koma ga Allah bayan shekara ashirin da wani abu tana mai imani an yafe mana mu biyu.

Da damina ta sauka abokin aikin Baba ya zo ɗaukar gungumen. Da aka fito da shi haske sai ga wata doguwar tsaga a ƙarshensa. Ya shafa ta ya ce haka itace yake yi idan an bar shi wata da watanni ba a yayyafa masa ruwa ba, zafi ya ratsa shi ya tsage, kuma ƙararsa takan yi kamar an sauke mabugi. Na ce haka ne. Na tambaye shi ko yakan tsage sau biyu. Ya ce wani yakan yi, wani sai bayan shekaru.

Na sake aure, na haihu, na aurar. Na yi wa Baba sadaka iyakar ƙarfina, kuma kowace safiya bayan salla nakan ce Baba ina kwana a zuciyata. Yawancin kwanaki ina ɗauka bugu ɗaya ne, ya yafe. Amma har yau idan wani jikana ya buga ƙofa sau ɗaya da rana tsaka, ko taɓarya ta faɗi a maƙwabta, sai in tsaya da abin da ke hannuna. Yaran sukan tambaye ni me nake saurare, in ce musu su yi shiru tukuna.